Rowland Bingham: mutumin da kaburbura biyu sunka girgiza bangaskiyarshi, da yadda labarinshi ya iso Galmi

Duk wanda ya tashi tsakanin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, da wuya a ce bai taɓa jin an ce an wuce da wane Galmi ba. Mace ta kwana biyu tana naƙuda, sai Galmi. Mai babur ya faɗi ya karye, sai Galmi. Garin da duniya ta san shi da albasa, mu nan mun fi saninshi da likita, wato asibitin ƴan mishan da ke bakin kwalta, kan hanyar da ta fito daga Yamai ta nufi Madawa da Maraɗi. An buɗe shi a shekarar 1950, kuma ƙungiyar Kiristoci mai suna SIM ce ta gina shi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, mutumin da ya kafa wagga ƙungiya bai taɓa ganin asibitin ba, don ya rasu shekara takwas kafin a buɗe shi. Abin da ya fi wannan ban mamaki, a ƙuruciyarshi ya tashi cikin mutanen da ke koyar da cewa mai cikakkiyar bangaskiya, addu'a kawai ta ishe shi waraka. Sai da abokan tafiyarshi biyu sunka mutu a ƙasar Zazzau da ƙasar Nupe, shi kanshi ya kusa sakin addinin baki ɗaya, sannan ya gane abin da dogara ga Allah ke nufi a wurinshi. Sunanshi Rowland Victor Bingham. Yau tarihinshi za mu kawo muku.

Maraya a Ingila, baƙo a Kanada

An haifi Bingham ranar 19 ga Disamba 1872, a wani ƙaramin gari mai suna East Grinstead, kudancin Ingila. Yana da shekara 13 mahaifinshi ya rasu, ya bar gida cikin ƙunci. Dole yaro ya fara neman na kai tun bai gama girma ba. Yana da shekara 15 ya halarci wa'azin ƙungiyar Salvation Army, wato Rundunar Ceto, masu wa'azi kan titi cikin talakawa, kuma a nan ne ya ɗauki addinin Kirista da gaske, ba na gado kawai ba.

Tun lokacin halinshi ya fito fili. Mutum ne da in ya yarda da abu, ba ya yin rabi da rabi. Mahaifiyarshi tana da ƴar kanti, shi ke taya ta tsaro, sai zuciyarshi ta ƙi yarda da sayar da taba. Kun san yadda irin wagga magana ke zama a gidan da kanti ne ke ciyar da marayu. Da zama ya yi wuya, yana da shekara 16 ya shiga jirgin ruwa ya tafi Kanada.

A can ya yi aiki da Rundunar Ceto na ɗan lokaci, daga baya ya koma wurin wani fasto a birnin Toronto mai suna John Salmon. Wanga fasto yana cikin masu koyar da waraka ta wurin bangaskiya. Koyarwar ita ce, kamar yadda Almasihu ya ɗauke zunubin mai bi, haka ya ɗauke cutarshi, saboda haka wanda ya ba da gaskiya yadda ya kamata yana da alkawarin samun lafiya. Saurayi Bingham ya sha wagga koyarwa, ta zauna mishi daram. Ku riƙe wannan, don a kanta labarin zai juya.

Wata uwa da maganar ƙasar Sudan

A 1893, nan Toronto, Bingham ya haɗu da wata dattijuwa ƴar asalin Sukotilan, Margaret Gowans. Ta kira shi gidanta, ta zaunar da shi, ta yi mishi bayanin wata ƙasa da ɗanta Walter ya ƙwallafa rai a kanta. Sunan ƙasar Sudan. Ba Sudan mai babban birni Khartum ba. A wancan zamani Turawa, bisa koyi da Larabawa, suna kiran duk faɗin ƙasar da ke kudu da Sahara da wanga suna, tun daga Senegal har kogin Nilu. Ƙasar Hausa na tsakiyarta. Ke nan mu ne ake magana, Ƙonni da Adar da Gobir da Katsina da Kano.

Walter Gowans ya riga ya zagaya ƙungiyoyin mishan na Amurka da Ingila yana neman wadda za ta aike shi, ba wadda ta yarda. Kowa na cewa ba kuɗi, kuma yanayin ƙasar kashe Bature yake. Bingham ya fita gidan dattijuwar nan da magana a zuci, bai jima ba ya yanke shawara zai bi Walter. Na ukunsu shi ne Thomas Kent, daga birnin Buffalo na Amurka. Dukkansu samari ne, ba wanda ya kai shekara 30, ba ƙungiya a bayansu, ba albashi. Abin da ke hannunsu ɗan guzuri ne da tabbacin cewa Allah ne ya kira su.

A faɗi gaskiya yadda take: ba gina asibiti ya kawo su ba. Wa'azin addinin Kirista ya kawo su, ga mutanen da mafi yawansu Musulmi ne ko masu addinin gargajiya. Maganar magani daga baya ta shigo, kuma za ku ji ta wace ƙofa.

Ikko, Girku da Bida

Ranar 4 ga Disamba 1893 sunka sauka Ikko, wato Legas. Bingham saura mako biyu ya cika shekara 21. Ƴan mishan da sunka daɗe a bakin teku ba su ɓoye musu komi ba. Shugaban mishan ɗin Metodis ya gaya musu cewa su ba za su ga Sudan ba, ɗiyansu ma ba za su gan ta ba, wataƙila dai jikokinsu.

Maganar ba ta rasa dalili ba. A lokacin ba wanda ya tabbatar da cewa sauro ne ke ɗauko masassara. Sai a 1897 wani likitan Ingila, Ronald Ross, ya gano ƙwayar cutar cikin sauro a ƙasar Indiya. Kinin kam an san shi, don tun 1854 Dokta William Baikie ya shiga kogin Kwara da Binuwai da jirgi yana ba mutanenshi kinin kullum, ya dawo ba wanda masassara ta kashe. Amma ba kowane Bature ke shan shi a kan ƙa'ida ba. Ga kuma halin da arewa ke ciki: zamanin Sarkin Musulmi Abdurrahman ne, Kano na cikin yaƙin basasa tsakanin Tukur da Yusufawa, hanyoyi ba aminci, harin kamun bayi bai tsaya ba.

Ba a daɗe ba masassara ta kwantar da Bingham. Sai sunka raba aiki: shi ya tsaya bakin teku ya riƙa nemo kuɗi da kaya yana aika musu, Gowans da Kent su nausa arewa. Gowans ya kai har Girku, cikin ƙasar Zazzau. Can hari ya rutsa da shi, ya yi asarar kayanshi, ciwon atuni ya kama shi, ya rasu a watan Nuwamba 1894, ba ɗan'uwa ko ɗaya kusa da shi. Kent ya dawo ɗaukar kaya, ya sake kama hanya, masassara ta kashe shi a Bida a watan Disamba na wannan shekara. Shekara guda da saukarsu, mutum biyu na ƙasa, ba coci ko ɗaya, ba tasha ko ɗaya.

A 1895 Bingham ya koma Kanada shi kaɗai. Abu na farko da ke gabanshi shi ne zuwa gidan dattijuwar nan da ɗan abin da ya rage na kayan ɗanta. Ku auna nauyin wagga tafiya. Margaret Gowans ta tarbe shi, ta riƙe hannunshi, ta nuna mishi cewa ta fi son ɗanta ya mutu can shi kaɗai cikin biyayya ga Ubangijinshi, da a ce yana zaune gida ya ƙi kiran. Ita ta tsaya da ƙafafunta. Wanda ya kasa tsayawa shi ne Bingham.

Shekarun shakka

Shi da kanshi ya ba da labarin wanga lokaci a rubuce-rubucenshi, bai ɓoye ba. Bangaskiyarshi ta girgiza tun daga tushe. Ya tafi Afirka yana riƙe da alkawuran waraka da yake gani a fili suke cikin Littafi Mai Tsarki, sai ga shi ya baro kaburburan mutum biyu da bai san wanda ya fi su riƙon addini ba. To, in alkawarin gaskiya ne, me ya hana shi aiki a Girku da Bida? In kuwa bai yi aiki ba a can, wane dalili zai sa a yarda da sauran alkawuran? Me ya sa waɗanda sunka fi kowa son cika umarnin Ubangiji su ne anka fara ɗauka?

Tambaya ɗaya ta jawo wata. A zamanin nan masana a jami'o'in Turai da Amurka suna ta muhawara kan asalin Littafi Mai Tsarki, wasu na cewa tunanin ɗan Adam ne kawai da ya yi ta sauyawa da zamani. Da, Bingham ba ya ko sauraren irin wagga magana. Yanzu sai ta sami ƙofa. Ya kwashe watanni yana kokawa da ita, yana tambayar kanshi ko abin da ya jingina rayuwarshi a kai maganar Allah ce ko ta mutane.

Duk wanda ya taɓa binne ɗa bayan ya kwana yana roƙon Allah, ya san wanga wuri. Ba sai an yi mishi dogon bayani ba.

Abin lura shi ne yadda ya bi da shakkar. Bai rufe ta da murmushi ba, bai kuma jefar da littafin ya kama gabanshi ba. Abu biyu ya yi. Ya shiga wani asibiti a birnin Cleveland ya koyi abin da ya samu na aikin jinya, don ya ga yadda rashin sanin magani ya ci su. Sannan ya shiga makarantar Littafi Mai Tsarki ta A. B. Simpson a New York, ya koma karatun littafin daga farko, yana neman ya gane ko Allah ne ya saɓa alkawari, ko kuwa shi ne ya ɗora wa Allah alkawarin da bai yi ba.

Cikin Sabon Alkawari akwai wuraren da duk mai irin wagga tambaya zai ci karo da su. Manzo Bulus, wanda ta hannunshi marasa lafiya sunka warke, shi kanshi yana da wata damuwa a jiki da ya roƙi Ubangiji sau uku ya ɗauke mishi, ba a ɗauke ba. Ya bar abokin tafiyarshi Tarofimas kwance ba lafiya a Militas. Ya ba almajirinshi Timoti shawarar abin da zai sha saboda ciwon ciki. Luka, wanda ya rubuta ɗaya daga cikin Linjila huɗu, likita ne. Kafin su duka ga Ayuba, wanda cuta ta same shi ba don ƙarancin imani ba.

A hankali Bingham ya kai ga matsayar da ya zauna a kai har mutuwarshi. Allah na da ikon warkarwa, kuma yana warkarwa, addu'a domin mara lafiya daidai ce. Amma Allah bai yi wa kowane mai bi alkawarin lafiya a wagga duniya ba, kuma shan magani ba raunin bangaskiya ba ne. Gowans da Kent ba su mutu don imaninsu ya gaza ba, Allah kuma bai yi ƙarya ba. Fahimtar da anka koya mishi ce ke da gyara. Shekaru bayan haka, a 1921, ya fitar da littafi a kan wagga magana mai suna The Bible and the Body, inda ya yi wa koyarwar tsofaffin malamanshi gyara a fili.

Faɗuwa ta biyu

Da hankalinshi ya dawo, ya zama fasto a wata cocin Baftis a garin Newburgh, jihar New York. A 1898 ya auri Helen Blair. Mutum zai ce to, ya samu wuri, sai ya zauna. Ina! A cikin wannan shekara ya tara ƴan mutane a Toronto sunka kafa kwamitin mishan domin ƙasar Sudan, ya bar aikin fasto mai albashi, shi da amarya sunka shiga rayuwar yau da akwai gobe babu.

Don mu gane zamanin da ake magana, a watan Mayu 1899 ne rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni, ta yi ɓarnar da har yau ba a manta ba. A farkon 1900 kuma Lugard ya ayyana mulkin Ingila a arewacin Najeriya. Ƙasar da Bingham ke mafarki tana cikin juyin da bai taɓa zato ba.

A 1900 ya sake sauka Ikko da samari biyu. Cikin ƴan makonni masassara ta sake kayar da shi, anka kai shi asibiti, likita ya ce a mayar da shi gida. A kan gadon ɗaukar mara lafiya anka kai shi jirgi. Samarin nan biyu sun yi alkawarin ci gaba, amma da sunka ji irin labaran da ake ba su a Ikko, sai sunka biyo jirgi na gaba.

Bingham ya ce wanga lokaci shi ne mafi duhu a duk rayuwarshi. Karon farko aƙalla an yi mutuwar jarumta. Karo na biyu kuwa kunya ce zalla: an karɓi kuɗin mutane, an yi ban kwana a coci, an dawo hannu rabbana. Shekara bakwai ke nan da fara magana, ba abin nunawa sai kaburbura biyu. Sai dai akwai bambanci tsakanin wagga faɗuwa da ta farko. A 1895 ya tuhumi Allah da littafinshi. A 1900 baƙin ciki ya yi mishi yawa, amma tushen bai motsa ba, don ya riga ya daina auna amincin Allah da nasarar tafiya.

Patigi da Bature Mai Magani

Ya sake tara mutum huɗu, sunka tashi a 1901. A 1902 sunka kafa tasha ta farko a Patigi, bakin Kwara, cikin ƙasar Nupe, ba nisa da Bida inda Kent ke kwance. Ba za a ɓoye ba, abin da ya sauƙaƙa shigarsu har da cewa Ingila ta riga ta ci ƙasar Nupe da yaƙi. Duk da haka ƙasar ba ta yi musu sauƙi ba. Cikin shekara biyu ɗaya ya mutu, biyu sun koma gida da ciwo, saura Alexander Banfield, wanda daga baya ya yi aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Nufanci.

A 1902 ɗin nan wani mutum ya shigo wanda ya sauya tafiyar. Andrew Stirrett mai kantin magani ne a Toronto, ya kuma yi karatun likita. Yana da shekara 37 ya sallama dukiyarshi ga mishan ya taho. Shi ne ya dage kan shan kinin kullum a kan ƙa'ida, mace-macen ƴan mishan sunka ragu ƙwarai. Ya koyi Hausa, ya riƙa wa'azi a kasuwanni yana ba da magani, har Hausawa sunka laƙaba mishi Bature Mai Magani. Yana cikin waɗanda sunka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, tare da Dokta Walter Miller na Zariya. Ya rasu a Jos a 1948.

Ku duba ikon Allah. Ƙungiyar da ta fara da samari masu dogara ga waraka ta addu'a, sai ga shi mai sayar da magani ne ya tsayar da ita da ƙafafunta. Da Bingham bai bi ta cikin shakkar nan ya fito ba, da wuya ya buɗe wa irin su Stirrett ƙofa da zuciya ɗaya.

Shi kanshi bai zama ɗan mishan mazaunin Afirka ba, abin da ya fi so tun yana saurayi. Jikinshi bai yarda ba. Ya zauna Toronto yana neman mutane da kuɗi, yana fitar da mujalla mai suna The Evangelical Christian, yana zuwa ziyara lokaci lokaci. Ya buɗe gidan renon ɗiyan ƴan mishan a Kanada, ya sa mishi sunan Gowans. Wannan ma wani darasi ne da ya koya: aikin da ya roƙa an ba wasu, shi an ba shi na tsaye a baya.

Yadda hanya ta biyo ta Nijar

Ƙungiyar, wadda ta zauna da sunan Sudan Interior Mission, ta fi samun karɓuwa a tsakiyar Najeriya, cikin ƙabilun da ba Musulmi ba. Gwamnatin Ingila ta hana ƴan mishan shiga masarautun Musulmi, bisa alkawarin da Lugard ya yi wa sarakuna cewa ba za a taɓa addininsu ba, kuma Bingham ya daɗe yana jayayya da hukuma kan wanga hani. A 1924 mishan ɗin ta shigo Nijar ta Damagaram, daga baya ta kafa tasha a Tsibiri, ƙasar Gobir, sannan Maraɗi. A 1927 ta shiga Habasha.

Ƙofar da wa'azi ya kasa buɗewa a arewacin Najeriya, jinya ce ta buɗe ta. A shekarun 1930 anka ba SIM kula da wuraren jinyar kuturta, irin su Amanawa kusa da Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina da Yadakunya a Kano. A 1943 anka buɗe asibitin ido na Kano, wanda har yau mutanenmu ke tsallaka iyaka su je. A 1950 Dokta Burt Long da matarshi Ruth sunka fara aiki a Galmi. Bayan ƴan shekaru anka buɗe na Danja kusa da Maraɗi domin masu kuturta, inda yanzu ake yi wa mata aikin yoyon fitsari.

Burin Bingham na ganin ƙasar Hausa ta zama ta Kirista bai cika ba. Jama'ar yankinmu Musulmi ne mafi rinjaye, jiya da yau. Amma ikilisiyoyi sun tsiro daga aikin: ECWA a Najeriya tun 1954, da EERN a nan Nijar. Kuma a layin asibitin Galmi ba a tambayar addinin mutum kafin a duba shi.

Ƙarshen tafiya

A farkon Disamba 1942, ana cikin yaƙin duniya na biyu, Bingham na shirin bikin cika shekara 50 da saukarsu Ikko, ciwo ya buge shi. Ya rasu ranar 8 ga Disamba 1942 a Toronto, saura kwana 11 ya cika shekara 70. A lokacin ƙungiyar da ta fara da mutum uku tana da ƴan mishan wajen 400. Littafin da ya rubuta na tarihin aikin, Seven Sevens of Years and a Jubilee, ya fito a 1943, bayan rasuwarshi. Yau akwai jami'ar Bingham a Karu kusa da Abuja, da asibitin koyarwa na Bingham a Jos, wanda aka fi sani da Jankwano. Thomas Kent ma ba a manta da shi ba, makarantar Kent Academy da ke Miango sunanshi ta ci. Mai wa'azin Ikko da ya ce sai dai jikoki, lissafinshi bai fita ba: Bingham ya ga Sudan da idonshi.

Abin da ya rage mana

Ƴan'uwanmu Kiristoci na Galmi, Ƙonni da kewaye suna iya ɗaukar abu guda daga wagga rayuwa: shakka ba ita ce ƙarshen bangaskiya ba. Ko cikin almajiran Yesu akwai Toma, wanda ya ƙi yarda sai ya gani, kuma ba a kore shi ba. Bingham ya yi tambayoyi masu zafi, ya kai su har ƙarshe, ya fito da dogara wadda ta fi ta farko ƙarfi, don ta daina rataya ga samun abin da ya roƙa. Ta farko ta karye da mutuwar mutum biyu. Ta biyu ta jure faɗuwar 1900, ta ɗauke shi shekara 42 bayan haka.

Akwai kuma abin da ya shafe mu duka, ko wane addini mutum ke bi. Masassarar da ta kashe Kent a Bida, ta kwantar da Bingham a Ikko sau biyu, ita ce dai ke kwantar da yaranmu duk damina, musamman daga Agusta zuwa Oktoba. Har yanzu akan sami gidan da yaro zai kwana uku jikinshi kamar wuta, ana cewa a bar wa Allah, sai ya fara sanƙarewa sannan a nemi mota. Mutumin da munka ba ku tarihinshi ya biya wanga darasi da tsada. Hausawa ma sun riga sun faɗa, Allah na cewa tashi in taimake ka. A yi addu'a, a ɗaura sange, a ba yara ƴan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin da ma'aikatan lafiya ke rabawa gida gida lokacin damina, in jiki ya yi zafi a nufi likita mafi kusa tun da wuri.

In wata rana hanya ta bi da ku Galmi, kuka ga jama'a zaune ƙarƙashin inuwa suna jiran a kira su, ku tuna da kabarin Girku da na Bida, da saurayin da ya koma gida shi kaɗai a 1895 yana tambayar ko Allah ya manta da su.

Nan za mu dakata. Wanda ke da wani bayani kan farkon zuwan likita Galmi, musamman dattawan da sunka ga lokacin da idonsu, ƙofarmu a buɗe take. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti. Sai mun sake haɗuwa a wani tarihin.